Waƙar ƙarshe da ke tsagewa a garmahon Kawu

Koken da Kawu ya kira ni a kansa guda ɗaya ne, kuma ya iya bayyana shi fiye da yadda yawancin mutane ke yi. Ya ce duk faifan da ya ɗora, waƙar farko da ta biyu suna fita ba laifi, amma da zarar allura ta doshi takardar tsakiya sai murya ta soma tsagewa. Inda mawaƙi ya furta "s" ko "sh", sai ka ji kamar an yayyafa ruwa a kan garwashi. Idan aka ja murya sama, ko kayan busa suka taso gaba ɗaya, sautin yakan dagule, kuma ya lura lasifikar dama ta fi ta hagu yin haka.

"Ɗana, ko dai fayafayan ne suka gaji, ko kuwa kunnuwana ne suka fara tsufa," in ji shi.

Ban karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Kunnen da shekaru suka taɓa ba ya zaɓen waƙar ƙarshe ya bar ta farko, fayafayan da aka tara shekara da shekaru kuma ba sa haɗa baki su lalace cikin mako uku. Mako ukun nan su ne bakin zaren, domin a lokacin ne Kawu ya sauya kan allura, wato ɗan akwatin da ke riƙe da allura a gaban hannun garmaho.

Injin nasa Technics ne, ƙirar SL-1200MK2 da aka fara fitarwa a 1979, ya saye shi na hannu tun da daɗewa. Kan da ya zo da shi yana da allura mai zagayayyen baki, irin wadda ko an ɗan karkata ta tana haƙuri. Sabon da ya saya kuwa na maganaɗisu mai motsi ne, da allura mai siririn baki, wadda aka fiƙe ta yi kusa da siffar wuƙar da ta yanka tsagar faifan, wato layin da allura ke bi, tun asali. Irin wannan allurar tana taɓa bangon tsaga a tsaye, doguwa kuma siririya, don haka tana bin ƙananan lanƙwasar da zagayayyiya ke tsallakewa. Abin da ya ba ta wannan fifikon shi ne kuma ya sa ba ta yafe kuskure. Kawu da kansa ya ɗaura ta, cikin natsuwa, bayan ya yi karatu a kan lamarin. Ba mutum ne mai aikin gaggawa ba, shi ya sa ma na ga abin ya cancanci a rubuta: kuskuren da ya faru irin na mai kula ne, wanda kowa a cikinmu zai iya faɗawa.

Kafin a taɓa sukuru

Ba na kwance komai sai na kawar da ƙananan abubuwa tukuna. Na share allura da ɗan buroshinta daga baya zuwa gaba, yadda faifai ke wucewa a ƙarƙashinta. Na ɗora ma'aunin ruwa a kan faranti, ya nuna injin a zaune yake daidai. Na duba wayoyi huɗun da ke bayan kan, fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama, kowanne yana mazauninsa. Sannan na musanya wayoyin da ke shiga amfilifaya. Tsagewar ta bi waya ta koma lasifikar hagu, wato laifin ba na amfilifaya ba ne, ba kuma na lasifika ba, daga garmahon yake tasowa. Daga nan na roƙi Kawu ya ɗauko faifan da ya fi kowanne sabunta a wurinsa. Shi ma waƙarsa ta ƙarshe ta tsage.

Sai nauyin allura. Masu ƙera kan sun rubuta a ɗora masa tsakanin giram 1.8 da 2.2, sun kuma fi son 2.0. Lambar da ke jikin ƙarfen nauyi na bayan hannu tana kan 2.0 cif. Da na sauke allurar a kan ɗan sikelin lantarki, wanda na daidaita tsayinsa da na saman faifai, sai ya nuna 1.6.

"Kawu, lokacin da kuka daidaita hannun har ya tsaya yana lilo a iska, murfin allurar yana jiki?"

Ya ɗan yi tunani, ya ce yana jiki, don yana tsoron kada ya karya ta. A nan giram 0.4 ya salwanta. Lambar da ke bayan hannu ba sikeli ba ce, zobe ne kawai da kake juyawa zuwa sifili a inda ka ga hannun ya tsaya, daga nan yake ƙirga duk abin da ka ƙara. Idan ka yi haka da murfin roba a jiki, ka haɗa nauyinsa cikin lissafi, kana zare shi kuwa gaban hannun ya yi sauƙi, zoben kuma bai sani ba.

Mutane da yawa suna ɗauka rage nauyi tausaya wa faifai ne. A ganina babu fahimtar da ta kai wannan ɓarna a harkar nan. Allurar da ba ta da isasshen danni, idan ta iso inda sauti ya yi ƙarfi, takan saki bangon tsaga ta sake faɗowa a kansa, ta yi ta maimaitawa, lu'ulu'u yana dukan roba. Wadda ta zauna daram a nauyin da masu ita suka faɗa ta fi tausaya wa faifai nesa ba kusa ba.

Na mayar da nauyin 2.0 da sikeli, muka sake sauraron waƙar nan ta ƙarshe ba tare da na taɓa wani abu ba. Dagulewar da ake ji idan kayan kiɗa suka taso ta ragu ƙwarai. "S" ɗin kuwa yana nan.

Na biyu shi ne ɗan maɓallin da ke gefen gindin hannu, wanda ke jan hannun waje kaɗan. Na same shi a sifili, inda yake tun zamanin tsohon kan. Amfaninsa shi ne, gogayyar allura da faifai tana jan allurar ta inda tsaga ta nufa, gindin hannu kuma ba a kan wannan layin yake ba, sai ƙarfin ya riƙa karkata hannun zuwa tsakiya. Bangon tsaga na ciki, wanda ke ɗauke da sautin hagu, ya sha danni fiye da kima, na waje kuma, mai ɗauke da sautin dama, ya samu ragi. Wannan ya bayyana dalilin da Kawu ya fi jin tsagewar a dama. Na juya maɓallin zuwa 2, daidai da nauyin allura, muka sake saurara. Yanzu lasifiku biyun sun yi kunnen doki: tsagewar ta ragu a dama, amma ragowarta tana nan a duka biyun, kuma har yanzu sai an doshi tsakiya take fitowa. Abin da ya rage ke nan ba na danni ba ne, na fuskar da allura ke kallo ne.

Inda asalin matsalar take

Lokacin da ake yanka uwar faifai, wuƙar tana tafiya ne a miƙaƙƙen layi daga baki zuwa tsakiya, kullum fuskarta tana daidai da inda tsaga ta nufa. Hannun garmaho na yau da kullum kuwa a gindi ɗaya yake juyawa, don haka allura tana zana baka ne a kan faifai. Baka da miƙaƙƙen layi ba za su taɓa zama abu ɗaya ba. Iyakar abin da za a iya shi ne a sa allura ta fuskanci tsaga daidai a wurare biyu, a sauran wuraren kuma a rage karkatar iya raguwa. An yi injinan da hannunsu ke tafiya a miƙe don guje wa wannan, kamar Beogram 4000 na Bang & Olufsen a 1972, amma mafi yawan injinan da ke hannun mutane masu juyawa a gindi ne.

Abu biyu ake wasa da su don samun wuraren daidaiton nan. Na ɗaya zarce, wato yawan milimitar da bakin allura ke wuce ƙusar tsakiya, wadda ake zura ramin faifai a kanta, idan aka kai hannun kanta. Na biyu kusurwa, wato yadda aka karkata kan zuwa ciki daga layin da ya taso daga gindin hannu zuwa bakin allura.

Me ya sa tsakiya ta fi jin jiki? Faifan inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, ko allura tana baki ko tana ciki. A bakin faifai, milimita 146 daga ƙusa, tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 51 a daƙiƙa. A ciki, milimita 60 daga ƙusa, gudun ya faɗo zuwa santimita 21. Waƙar dai tana buƙatar daƙiƙoƙinta, sai a cusa ta a ɗan wuri. Sautin da ke kaɗawa sau 10,000 a daƙiƙa, yankin da "s" ke zaune, kowace kaɗawarsa tana cin milimita 0.051 a baki, a ciki kuwa 0.021 kacal, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Lanƙwasar ta yi tsini, ta matse. Digiri ɗaya na karkata a nan ya fi digiri biyu a baki illa, domin gurɓatar da karkata ke jawowa tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda gudun tsaga ke raguwa.

An daɗe da warware lissafin. Erik Löfgren, ɗan ƙasar Suwidin, ya buga nasa a 1938, H. G. Baerwald ya biyo a 1941, J. K. Stevenson kuma a 1966. Idan aka ɗauki iyakokin tsaga na ƙa'idar IEC, hukumar ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya, milimita 60.325 a ciki da 146.05 a waje, tsarin da ake kira na Baerwald, wanda shi ne kuma tsarin Löfgren na farko, yana ajiye wuraren daidaito a milimita 66.0 da 120.9, yana raba gurɓatar daidai wa daida tsakanin baki, tsakiyar tafiya da ciki. Tsarin Löfgren na biyu yana ajiye su a 70.3 da 116.6, ya rage jimillar gurɓata a yawancin faifan amma ya bar ƙarshensa ya ɗan ƙaru. Stevenson ya tura na ciki har 60.3, na waje 117.4, don ya kare ƙarshen faifai. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ya zaɓi inda zai ajiye asarar da ba makawa sai an yi ta.

Hannun injin Kawu yana da nasa lissafin daga masana'anta: milimita 215 daga gindi zuwa ƙusa, 230 daga gindi zuwa bakin allura, zarce 15 ke nan, da kusurwar digiri 22 wadda lanƙwasar hannun ta riga ta bayar idan kan ya zauna a miƙe cikin mazauninsa. Wannan yana ba da daidaito a wajen milimita 58.8 da 113.5, kusa da ra'ayin Stevenson. Hanyar da suka ba mai injin mai sauƙi ce: ka auna milimita 52 daga inda mazaunin kai ya haɗu da hannu zuwa bakin allura, ka bar kan a miƙe, shi ke nan.

Na zare mazaunin na auna. Milimita 55 na samu, kan kuma a miƙe sak, sukurori biyu sun kai ƙarshen ramukansu na gaba.

"Kawu, me ya sa kuka tura shi gaba haka?"

Ya ce ya karanta cewa a wannan hannun tsarin Baerwald ya fi, kuma don a same shi sai an tura kan gaba da kusan milimita 3. Gaskiya ya karanta. A tazarar 215, Baerwald yana neman tsawon 232.8, wato zarce 17.8. Sai dai maganar tana da ɗaya ɓarin: kusurwar ma dole ta tashi daga digiri 22 zuwa wajen 23.7, wanda ke nufin a murɗa kan zuwa ciki har ya zauna a ɗan karkace cikin mazauninsa. Kawu ya ce ya fara murɗawar, amma da ya kalle shi daga sama ya ga ya yi kama da aikin da ba a gama ba, sai ya miƙar da shi ya ɗaure. Ido ya saba da cewa abin da ke miƙe shi ne daidai, kuma a kusan kowane aikin hannu haka ne.

Abin da ya samu shi ne tsawon wani tsari da kusurwar wani. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da ke nuna dalilin da hakan ba zai yiwu ba. Ka ninka tsawon hannu da kansa, ka debe tazarar gindi zuwa ƙusa da ita ma aka ninka da kanta, abin da ya rage shi ne abin da za ka samu idan ka ninka nisan wuraren daidaiton biyu da juna. A lissafin masana'anta, 230 sau 230 a debe 215 sau 215 ya bar 6,675, kuma 58.8 sau 113.5 kusan hakan yake. Kusurwa kuwa ita ke yanke jimillar nisan biyun idan an tara su. Zarce ya riƙe ninki, kusurwa ta riƙe tari. Ka sauya ɗaya ka bar ɗaya, za ka iya neman lambobi biyun da za su cika sharuɗɗan ka rasa su gaba ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Na zauna da takarda na lissafa da tsawon 233 da kusurwar 22. A bakin faifai allurar ta kauce da wajen digiri 3.6. A inda ta fi kusa da daidai, wajen milimita 90 daga ƙusa, sauran 0.7. Daga nan ta sake buɗewa har ta kai 2.6 a tsaga ta ƙarshe. Babu wuri ko ɗaya a faifan da take fuskantar tsaga daidai. A wannan tsagar ta ƙarshe, Baerwald na gaskiya zai bar digiri 0.8 ne, lissafin masana'anta kuma 0.2. Kuma ko da yake 3.6 na baki ya fi 2.6 na ciki yawa a lamba, idan aka raba kowanne da nisansa daga ƙusa na ciki ya kusa ninka na baki. Koken Kawu ke nan a rubuce: farko ba laifi, ƙarshe na tsagewa.

Takardar da na zarga a banza

Dole in faɗi wani kuskure nawa a nan, domin ya ci mini lokaci. Kawu ya nuna mini takardar saiti da ya buga a firinta, mai ramin ƙusa da ɗigo biyu, kowanne a tsakiyar layuka masu jere. Na ɗora rula a kan layin gwajin da ya kamata ya zama milimita 100, na samu 96. Firintar ta ƙanƙance shafin don ya shiga takarda. Nan take na ce ga ɓarawon. Amma da na lissafa, ƙanƙancewar ta mayar da 66.0 zuwa 63.4, da 120.9 zuwa 116.1. Wannan tsari ne da ya faɗa tsakanin Baerwald da Stevenson, kuma da an bi shi sosai da sauti ya fita lafiya. Takardar tana da aibi, amma ba ita ta jawo tsagewar ba.

Yadda aka yi amfani da ita ne matsalar. Kawu ya sauke allura a ɗigon waje ta sauka a kai, ya juya takardar ya sauke ta a na ciki nan ma ta sauka, sai ya ɗauka an gama. Alhali kowace allura, ko yaya aka ɗaura ta, za ta sauka a kan ɗigon in dai ka juya takardar ta tarye ta. Ɗigon wurin tsayawa ne kawai. Tambayar da takardar ke yi ita ce, a lokacin da allura ke kan ɗigo, shin kan yana tafiya tare da layukan ko ya gicciye su? Kuma sai amsar ta zama e a wuraren biyu, ba tare da an sake taɓa sukuru a tsakani ba.

Gyaran

Muna da hanya biyu: ko mu ƙarasa Baerwald ta hanyar murɗa kan, ko mu koma lissafin masana'anta. Na ba da shawarar na biyu, kuma ba don na raina na farko ba. Yawancin fayafayan Kawu masu cike da waƙoƙi ne har kusa da takardar tsakiya, da dama kuma waƙarsu ta ƙarshe ita ce mai ƙarfi. Tsarin masana'anta ya fi kare wannan yankin. Farashinsa shi ne karkatar wajen digiri 2.6 a bakin faifai maimakon 1.9 na Baerwald, a wurin da tsaga ke gudu da sauri, kunne kuma ba ya saurin kamawa. Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina: saiti ne da Kawu zai iya sake dubawa da kansa, da rula da idonsa, duk ranar da ya yi shakka. Bambancin da ke tsakanin tsare-tsaren nan ƙarami ne idan aka gwada shi da kuskuren da hannun mutum ke iya yi yayin ɗaure sukuru.

Na cire wutar injin, na manne faranti da ɗan tef don kada ya juya, na mayar da maɓallin jan waje zuwa sifili domin kada ya ja tsinken allura gefe ina cikin awo. Na sassauta sukurori biyun iya yadda kan zai motsa idan an tura shi, amma ba zai zame da kansa ba. Na ja shi baya har bakin allura ya tsaya a milimita 52. Sannan na buga sabuwar takarda mai ɗigo a 58.8 da 113.5, a cikakken girma, na tabbatar da rula cewa ɗari ɗinta ɗari ne, na huda ramin ƙusa daidai ba sako-sako ba.

A nan ne aikin ya ɗauki lokaci. Da fitila mai haske da madubin ƙara girma na durƙusa ina kallon kan daga gaba, idona a tsayin faifai. Ba jikin kan nake dubawa ba, ɗan tsinken da ke riƙe da allura nake bi, domin shi ne ke karanta tsaga, kuma ba kullum yake zaune a tsakiyar jikin cif ba. A wannan kan ya ɗan jirkice kaɗan, abin da ba za ka gani ba sai ka neme shi. Na murɗa jikin ɗan mitsitsi har tsinken ya kwanta a kan layin tsakiya a ɗigon waje. Na ɗaga hannu, na juya takarda, na sauke a ɗigon ciki. Ya yi daidai. Na fara ɗaure sukurun hagu, sai na ga kan ya bi shi ya juya. Wannan abu ne da ke faruwa kusan kullum, shi ya sa ake ɗaurewa kaɗan a hagu, kaɗan a dama, ana riƙe da jikin da yatsa, ana komawa kan takarda bayan kowane zagaye. Sau uku na kwance na sake kafin wuraren biyu su tsaya bayan ɗauri na ƙarshe. Ɗaurin ma ba na ƙarfi ba ne, iya dai kan ya kama mazauninsa ya daina motsi, tunda jikin roba ne.

Na koma sikeli, ya nuna 1.9. Ja da kan baya da milimita 3 ya rage danni, kamar yadda tura shi gaba ke ƙarawa, don haka duk wanda ya motsa kai sai ya sake aunawa. Na mayar da shi 2.0, maɓallin jan waje kuma 2.

Sauran abubuwa biyu, tsayuwar allura da tsayin gindin hannu, ban daɗe a kansu ba. Na sauke allura a kan siririn madubi na kalle ta daga gaba, ita da inuwarta sun yi layi ɗaya a tsaye, ba ta jingina hagu ko dama ba. Tsayin gindin hannu kuma na daidaita shi har hannun ya kwanta daidai da saman faifai yayin da allura ke ciki. Ana yawan jayayya a kan wannan tsayin, amma a hannu mai tsawon 230 sai ka ɗaga gindi da milimita 4 kafin kusurwar allura ta sauya da digiri ɗaya. Bambancin kaurin faifai da faifai bai kai ya sa mutum ya riƙa juya shi kullum ba.

Muka ɗora sabon faifan nan, na kai allura waƙar ƙarshe kai tsaye, wadda muka ji sau huɗu a wannan zaman har mun haddace inda take tsagewa. Wurin ya zo ya wuce. "S" ya fita siriri, gajere, ya tsaya a tsakiya tare da muryar maimakon ya fantsama zuwa lasifiku biyu. Kawu bai ce komai ba, ya miƙe ya mayar da allurar farkon waƙar, muka sake ji. Sannan ya ce in bar shi ya ɗauko wasu.

Mun gwada guda shida. Biyar sun fita tas daga farko har ƙarshe, kuma a biyu daga cikinsu ya ce yana jin kayan kiɗa a baya waɗanda tsohuwar allurar ba ta taɓa fito masa da su ba. Na shidan shi ne wanda ya fi so, wanda ya fi ɗorawa tun yana saurayi, kuma shi ya fi sha a makonni ukun nan. Waƙarsa ta ƙarshe ta gyaru, amma a wurare biyu inda murya ta kai ƙololuwa akwai ɗan ƙaiƙayi a dama da bai tafi ba. Na ƙara nauyi zuwa 2.2 don gwaji, bai sauya ba, na mayar. Na wanke faifan, bai sauya ba. Ƙaiƙayin yana zuwa a daƙiƙa ɗaya kowane lokaci, da siffa ɗaya, alamar cewa a jikin bangon tsagar yake, an riga an ci wurin. Ko shekarun baya ne suka ci shi ko makonnin da allura ta yi tana tsalle da giram 1.6, wannan saiti ba zai mayar da shi ba, kuma na gaya wa Kawu haka ba tare da kwana-kwana ba.

Ya karɓi maganar, ya ɗauko ɗan kati ya ce in faɗa masa lambobin. Ya rubuta milimita 52, giram 2.0 ba tare da murfi ba, jan waje 2, da ranar da muka fara ƙirga awannin allurar, ya manna katin a cikin murfin injin. Sannan ya juya faifan nan na shida ya ɗora ɗaya gefen.